Allurar Jirgi da Igiyar Baba

A gidanmu ba wanda ya taɓa gane aikina, ni ma na daina ɓata bakina wajen bayani. In aka tambayi Baba me babban ɗansa yake yi, sai ya ce, "Yana wajen masu jirgi." In mai tambaya ya washe baki ya ce ashe matuƙi ne, sai Baba ya katse masa hanzari: "Ina fa. Wayoyi yake ɗaurawa." Abin yana ƙona min rai a lokacin, don shekara uku na yi a Zariya ina koyon rediyo da na'urorin jirgin sama. Amma in za a bi gaskiya bai yi min ƙarya ba, wayoyin nake ɗaurawa.

A tsakiyar shekarun casa'in ina aiki da wani ɗan kamfani mai feshin tsuntsu. Duk wanda ya yi noman rani a ƙasan madatsar Tiga ya san jan-baki. Su taso da hantsi kamar hayaƙi, su sauka a gonar alkama, kafin mai gona ya gama kaɗa gwangwani sun bar masa kara. Jirginmu ɗaya ne tak, mai kujera biyu, fari da ratsin kore, yana kwana a wata rumfar kwano a gefen filin marmara tsakanin Bebeji da Tiga. Da shi ake leƙen makwancin tsuntsayen, daga bakin ruwa har Tudun Wada da gefen dajin Falgore, da shi kuma ake zuwa a fesa musu magani.

Matuƙinmu wani dattijo ne gajere mai tumbi, kowa Kyaftin yake ce masa. Bakinsa ba ya rabo da goro da tsokana. In aiki ya yi kyau ni ne Injiniya, in ya ƙi kuwa sai in koma "ɗan Zariya". Shekara da shekaru yana tuƙi da taswira a kan cinya da mutane masu tuta a ƙasa, kuma bai ga abin da ya rage masa ba. Ana nan sai kamfani ya aiko mana da wani akwati da bai kai bulo girma ba, wai ji-fi-es. Yana sauraron taurarin ɗan'adam, ya gaya maka inda kake a doron ƙasa da lambobi. Matsalar ita ce fuskarsa ƙarama ce, kuma wanda yake shawagi dab da kan bishiyoyi ba shi da lokacin sunkuyawa karatun lamba. Don haka aka haɗo shi da wani agogo mai allura da za a kafa a gaban matuƙi. In ka kauce hagu allurar ta nuna, in ka kauce dama ta nuna, in kana kan hanya ta tsaya cak a tsakiya. Aikina shi ne in sa akwatin ya riƙa aika wa allurar saƙo.

Kafin in shiga wannan, bari in faɗi abin da yake cin raina a shekarar.

Mu mutanen da ruwan Tiga ya tasa ne. Ina ɗan shekara goma sha biyu aka loda mu a manyan motoci aka kai mu tudu, garinmu ya koma ƙarƙashin ruwa da gidajensa da rumbunansa da makabartarsa. A can iyayen Baba suke kwance, a can kuma mahaifiyata take, don ta rasu shekara guda kafin tashinmu. Baba manomi ne, ruwa ya mai da shi masunci da ƙarfi da yaji, ya kuma iya. Duk bazara, in ruwa ya ja baya, sai ya sa farar riga ya shiga kwalekwale ya je saitin tsohon gidanmu ya yi wa mutanensa addu'a. Alamarsa kan wata matacciyar giginya ce da ta leƙo daga ruwa. In ya jera ta da wani tsagi a jikin dutsen da ke ƙetare, to ya zo gida.

Giginyar ta faɗi a wata damina. A daidai lokacin kuma yanar ido ta fara rufe masa gani, dutsen ma ya daina ganinsa sai inuwa. Bazarar da ta wuce ƙanena, wanda shi ya gaji kamun kifin, ya kai shi suka yi rabin yini suna zagaye a kan ruwa. Suka dawo Baba ya cire farar rigar ya ninke ya sa a adaka. Kwana uku bai tsokani kowa ba, shi da ko jikokinsa ba su tsira daga bakinsa ba. Na san abin da yake tsoro. In ya tafi bai damƙa wa kowa wurin ba, shi ke nan gidan ya ɓata, kuma ba wanda zai sake tsayawa a kan uwata ya ce Allah ya jiƙanta.

To, wannan yana raina na durƙusa a ƙarƙashin allon jirgi, kaina a inda ƙafafun matuƙi suke zama, ƙafafuna a waje, zufa tana shiga min ido.

Waya uku ce kacal tsakanin akwatin da allurar, a cikin riga ɗaya. Na raina su. Na ce wa Kyaftin ya ba ni zuwa azahar. Na duba littafi, na ga kowace na'ura tana da wayar aikawa da wayar karɓa, sai ta ukun da suke tarayya a kanta. Na haɗa ta aikawa da ta aikawa, ta karɓa da ta karɓa, na liƙe da dalma tsaf, aiki kamar na masana'anta. Na kunna. Allura ko motsi, ga wata 'yar jar tuta ta leƙo a fuskar agogon, alamar ba saƙon da yake isowa. Na kwance na sake liƙewa. Na auna da mita. Sai bayan la'asar hankalina ya dawo jikina: ai baki na haɗa da baki, kunne da kunne. Bakin wannan ne ya kamata ya tafi kunnen wancan.

Na yi kuskuren faɗa wa Kyaftin. Ya tauna goronsa ya ce, "Ashe zaman sulhun danginmu ka haɗa. Kowa yana magana, ba mai saurare."

Washegari na sauya wayoyin. Allura ta motsa, amma motsin mai zazzaɓi, ta yi rawa ta koma ta kwanta, jar tutar tana leƙowa tana ɓuya. Saƙo yana zuwa ke nan, ganewa ce babu. A nan na koyi cewa ba a bar na'urori su yi magana yadda suka ga dama, sai an daidaita musu sauri. Akwatin ya zo a saite a kan dubu tara da ɗari shida, agogon kuma ba ya jin komai sai a dubu huɗu da ɗari takwas. Maɓalli huɗu ne kawai a jikin akwatin, kuma kafin ka kai shafin da ake sauya saurin sai ka ratsa shafuka kamar mai neman takarda a ofishin gwamnati. In ka yi kuskuren danna ɗaya, ya mai da kai farko. Sau shida yana mai da ni. Allah na tuba, na zagi wanda ya ƙera shi har da kakanninsa, mutumin da ban san ko a wace ƙasa yake ba. Da na samu na rage saurin, sai tutar ta shige, allurar ta miƙe ta tsaya kyam. Na fito daga ƙarƙashin allo ina taku ɗai-ɗai.

"Injiniya," in ji Kyaftin, "a tayar da inji?"

Na ce a tayar. Farfela na fara juyawa allurar ta haukace, ta bugi hagu ta bugi dama. Aka kashe inji ta nutsu. Aka kunna ta sake.

"Ɗan Zariya," ya ce, ya sauka ya tafi sallah.

Wannan ya ci min rana ta uku. Ashe don son tsafta na ɗaure sabuwar wayar a jikin babbar wayar da ta taso daga altaneta mai ba jirgi wuta, hayaniyar wutar inji tana tsallakowa tana dagula saƙon. Na kwance ta na bi da ita ta ɗaya gefen. Rigar ƙarfen da ke jikinta kuma, wadda na ɗaure da jikin jirgi ta ƙarshenta duka biyu don in nuna ƙwazo, na yanke ɗaya na bar ɗaya, yadda littafin ya ce tun farko da na tsaya na karanta. Aka tayar da inji har rumfar tana girgiza, allura ba ta ko ƙifta ba. A ranar na ci gurasa biyu da rabin tsire ni kaɗai.

Saura gwaji a sama. Ƙa'idar ita ce a ɗauki wani wuri daga taswira, a sa lambarsa a akwati, a bi allura a ga ko za ta kai mutum. Taswirorinmu tsofaffi ne, tun kafin a yi madatsa aka buga su, tafkin ma Kyaftin ne ya zana shi a kai da shuɗin fensir. Ina neman mahaɗar hanya ko gada sai idona ya faɗa cikin shuɗin. Ga garinmu nan a ƙarƙashin fensir, 'yan ɗige-ɗige baƙaƙe, ga rafin da ya bi ta yammacinsa, ga wani ɗan da'ira da aka yi wa alamar rijiya. Rijiya mai bakin siminti ɗaya ce a garin nan, kuma a tsakar gidanmu take. Kakana ne ya haƙa ta, duk unguwar a nan suke ɗiba. Na daɗe ina kallon ɗigon nan.

Na kai wa Kyaftin na ce ga wurin gwaji. Ya duba ya dube ni.

"A cikin ruwa? Kifi ne zai ba mu shaida?"

Na gaya masa komai, har da rigar da aka sa a adaka. Ya sake duban taswirar. Can ya ce, "Gwaji dai dole ne, kuma takarda ba ta ce ga inda za a yi shi ba. Je ka gaya wa Baba ya fito da rigarsa."

Na hau babur na tafi gida, na tarar da Baba a zaure yana gyaran koma da laluben hannu. Na durƙusa na gaishe shi, sannan na zuba bayani, har da nuna sama da yatsa. Na ce akwai taurari da mutane suka harba, na ce na'urarmu za ta kai shi bakin rijiya ko da idonsa a rufe.

"Su waɗanda suka harba taurarin," ya ce, "sun taɓa zuwa garin namu?"

"Ba sai sun je ba, Baba."

"To. Allah ya ba da sa'a, mai jirgi." Bai ɗago ba. Amma ina fita na ji yana ce wa matar ƙanena ta duba masa ko rigar nan tana son wanki.

Shirin mai sauƙi ne. Na ba ƙanena rediyon oba-oba na nuna masa inda ake dannawa a yi magana, a saki a saurara. Su za su shiga ruwa da sassafe su jira a yankin. Mu za mu bi allura daga arewa zuwa kudu, mu juyo mu bi daga gabas zuwa yamma, ina gaya masa ya matsa nan ko can har kwalekwalen ya zauna a inda layukan biyu suka gicciye. Baba kuma ya ce zai taho da tasa shaidar: igiya mai ƙulli a kowace gaba, da dutse a ƙarshenta, an manna masa sabulu a gindi don ya ɗebo abin da ya taɓa.

Muka tashi da hantsi. Ruwan ya kwanta lumui, ga kwalekwalen can kamar ɓawon gyaɗa, da ɗigon fari a tsakiyarsa. Allura ta yi aikinta yadda ko makaho zai yaba. Kyaftin ya ɗan karkata da gangan ta nuna masa, ya dawo ta tsaya. "Kai, Injiniya, abin nan naka yana da kunya," ya ce. Na jera ƙanena a mahaɗar layukan, na ce a gaya wa Baba ya iso gida.

Muka yi zagaye muna jira. Sai oba-oba ta yi ƙara.

"Yaya, Baba ya ce gaba tara."

"To, sai me?"

"Ya ce gidansa bai taɓa wuce biyar da rabi ba a bazara. Kuma yashi ne a jikin sabulun. Ya ce rafin wanki ka kawo shi."

Raina ya ɓaci nan take. Kwana uku ina kwance a ƙarƙashin allo, a ce igiya da sabulu za su ƙaryata ni. Na ce a gaya wa Baba na'ura ba ta ƙarya, a sake jefawa. Muka sake ratsawa. Akwatunan wancan zamanin suna da ɗan yawo, ko a ajiye suke lambar takan gusa ta dawo, don haka na ce wataƙila shi ne. Sau uku muna jera su, sau uku dutse yana sauka a rafi.

A na ukun Baba ya karɓi oba-obar da kansa. Ya danna ya ce, "Ka ji ko?" Sai ya manta bai saki ba. Ni ba damar in ba da amsa, shi kuma ya ci gaba da hira da ƙanena, mu muna ji tar a kunnuwanmu.

"Wai shekara uku a Zariya. Uwarsa ta sha aiken sa rafin nan da wanki, shi ya sa ƙafarsa ta saba. Ko a jirgi aka sa shi can zai nufa."

Kyaftin ya yi dariya har jirgin yana tangaɗi. Ni kuwa da akwai ƙofar fita da na fita. Baba ya so ya laluba gabas daga rafin, amma rafi dogo ne mai lanƙwasa, sanin kana cikinsa ba ya gaya maka a wace kwana kake. Kafin su yi nisa iska ta taso, dole suka koma gaɓa.

Na dawo rumfa na bi wayoyin nan uku ɗaya bayan ɗaya, ba abin da ya same su. Na sake auna ɗigon da rula, lambar ba ta canza ba. Saƙo yana tafiya daidai, allura tana bin saƙo daidai, amma wurin ba daidai ba. Kwana biyu ina fushi da kowa, har mai gadi sai da ya sami rabonsa. A rana ta biyun ina zaune na shimfiɗa taswirar a cinya, ba karatu nake ba, hararar ta nake, sai na lura da wasu ƙananan rubutu a can ƙasan gefe, inda ba mai dubawa. Sun ce duk awon taswirar nan daga wani tushe da ke kusa da Minna aka fara shi. Akwatin kuwa da nasa tushen ya zo, na duniya baki ɗaya. Lamba ɗaya ce, amma kowa da inda ya fara ƙirga takunsa. Na shiga shafukan nan masu mai da mutum farko, na sami wani da na tsallake saboda gaggawa, jerin sunayen wurare ne ya fi ɗari. Ga Minna nan a ciki tana jirana tun ranar farko.

Na sauya. Na ciro akwatin, don yana da batirinsa, na taka da shi zuwa wata kwalbati da ke kan taswira a bakin filinmu. Da tsohon saitin sai ya ce saura taku ɗari da wani abu, da sabon kuwa ya ce na iso.

Kyaftin ya daina dariya da ya gani. Duk makwantan tsuntsayen da za mu fesa a makon daga taswirorin nan aka ɗebo lambarsu, wasu kuma dab suke da mashayar shanun Fulani a wajen Falgore. "Da ba don igiyar tsohon nan ba, da mun yi wa shanun mutane wanka," ya ce. Sai kuma halin ya motsa: "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau jirgi ba zai hango ba. Rimi ma an daina maganarsa."

Na je gida na durƙusa na ce, "Baba, kuskurena ne."

"Na sani."

Na jira tsokana ba ta zo ba. Ya juya igiyar a hannunsa ya ce, "A sake sau ɗaya. In ba a samu ba a bar shi haka, kada a yi ta ƙona man mutane. Allah ya san inda suke." Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Ban taɓa jin Baba ya sallama wani abu ba, kuma na tsorata ƙwarai.

Ranar Laraba muka sake tashi. Na bi allurar da ido kamar zan haɗiye ta. Arewa zuwa kudu, gabas zuwa yamma, na matsar da ƙanena, na sake matsar da shi, na ce a jefa.

"Gaba biyar da rabi, Yaya." Aka duba sabulun. "Jar ƙasa ce. Ya ce ƙasar gini ce."

Iyakar abin da akwatin zai iya ke nan, ya kawo su unguwa. Sauran na igiya ne. Muna zagaye a sama, ƙanena yana ba ni labari guntu-guntu. Baba yana jefa dutse yana ɗagawa, yana cewa a matsa kaɗan. Ya ji tudu, ya ce katangar maƙwabcinmu ce, mutumin da ya yi gini kamar zai tare yaƙi. Ya ji kwari, ya ce lungun da ake bi zuwa masallaci ne. Ya sa aka yi kudu. Kyaftin ya ƙwanƙwasa agogon mai da farce ya ce min saura minti ashirin mu juya. Ban gaya wa na ƙasa ba.

Sai muryar ƙanena ta zo a sama-sama, shi da ba ya ɗaga murya ko gobara ake.

"Yaya, ta faɗa. Igiyar ta zarce. Bakwai, takwas, ga ta nan tana tafiya. Ya ce ya ji dutsen ya goga siminti."

Na bugi kafaɗar Kyaftin har goronsa ya faɗi. Na ce ya ratsa ta kansu ƙasa-ƙasa, in danna in adana wurin. Muka ratsa sau huɗu ta fuska huɗu, na ɗauki lamba huɗu don in fitar da tsakiyarsu saboda yawon akwatin. Na kwafe su a bayan taswirar. Na danna oba-oba na ce a gaya wa Baba an gama, an rubuta, gida ba zai sake ɓata ba.

"Ya ce kada ka rubuta."

"Kamar yaya kada in rubuta?"

Baba ya karɓa. "Kai, mai jirgi. A ina ka taɓa ganin an diro wa gida ta tsakiya? Ɓarawo ne ni? Nan fa tsakar gida ce, ga ɗakin uwarka nan a hannun damana. In ka rubuta nan, duk wanda ya zo bayana a kan mata zai riƙa faɗowa. Ƙofa za ka rubuta."

Na ce, "Baba, tsakanin zaure da rijiya bai fi taku ashirin ba. Na'urar ba ta iya bambance taku ashirin."

"Wannan kuma matsalarku ce, ku masu taurari."

Na juya ga Kyaftin don ya taya ni jin wannan rigima, ga mai yana ƙarewa. Sai na ga ko murmushi ba ya yi. "Gaskiyarsa," ya ce. "Mu ma ai ba ma faɗo wa fili ta ko'ina. Daga nesa muke saito hanya mu shigo ta kai. Ina ƙofar take kallo?" Na ce yamma. Ya ce to in sa wuri biyu, ɗaya can yamma da nisa, ɗaya rijiyar, in ja layi a tsakaninsu. Duk wanda ya fara daga na farkon ya bi layin, ko akwatin ya yi yawonsa, ta gaban gida zai shigo. Ya kwantar da jirgin ya yi yamma, na danna na adana na biyun. Lambobin nan har yau da su muke zuwa, kuma ba mu taɓa farawa daga rijiya ba.

Na gaya wa Baba yadda aka yi. Ya ce, "Yanzu ka yi aiki."

Ina kallo daga sama kwalekwalen ya ja da baya, ya yi zagaye mai faɗi ta kudu, yadda mutum zai bi bayan katanga, har ya fita yamma. Ya juyo ya fuskanci gabas, ya taho a hankali, ya tsaya. Ɗigon farin ya miƙe tsaye, ƙanena yana riƙe da gefen rigarsa. Allah ya yi wa ƙanen nan nawa albarka, ya danna oba-obar don in ji. Baba ya gyara murya.

"Salamu alaikum."

Ba abin da ya biyo baya sai ruwa yana dukan katako. Ya jira, kamar yadda yake jira a ƙofar kowa. Ya sake yi, a karo na biyu muryar ta ɗan karye. Sannan layin ya yi shiru, ƙanena ya saki.

Kyaftin ya rage wutar inji har ƙarar ta kwanta, ya zungure ni da gwiwar hannu.

"Kai ba ɗan gidan ba ne?"

Na ɗauki oba-obar. Na danna.

"Wa alaikumus salam, Baba. Sannu da zuwa. Shigo."

Ƙanena ya tsoma filafili sau biyu, kwalekwalen ya shiga.